Tambaya da Amsa: Masana'antar giyar Hook Norton da mashayar da ke bakin layinta

Wasiƙar da ta fi tsawo a akwatinmu wannan makon daga Ingila ta zo, kuma ita zan ba mafi yawan filin. Akwai wasu biyu da suka daɗe suna jira a kan batu makamancinsa, sai na haɗa su gaba ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta biyu a karatun zanen gine-gine a Oxford. Kwanan baya malaminmu ya kai mu wani ƙauye mai suna Hook Norton don mu ga wani dogon gini mai hawa shida. Da muka isa sai na tarar masana'antar giya ce, har yau tana aiki, ga kuma wata 'yar mashaya a bakin layin da aka ce ta kamfanin ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutanen ƙauyen ke maganar wurin kamar gadon gidansu. Me ya sa mai dafa giya zai mallaki mashaya? Yaya aka yi ɗan ƙaramin kamfani na ƙauye ya rayu alhali manya sun haɗiye sauran? Na san hukuncin giya a addinina, ba shi nake tambaya ba. Tarihin nake so, domin an ce mu rubuta rahoto.
Daga ɗalibinka a Oxford.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka faɗi matsayinka a kan giya, ni ma a nan nake tsaye, saboda haka mu wuce ga abin da ka tambaya.

Wurin na san shi. Lokacin da nake zaune a ƙasar, wani abokin aikina Bature ɗan yankin ya ɗauke ni a motarsa muka je. Tun kafin in ga ginin, ƙamshin dafaffen hatsi mai zaƙi-zaƙi ne ya tare ni a layin. Sannan ginin ya bayyana a ƙarshen hanya, ya yi wa gidajen ƙauyen rata mai nisa, gindinsa na dutsen yankin mai launin tsatsa, samansa kuwa katako da tagogin shan iska. Na hau matakalarsa har ƙarshe, kuma tun daga ranar nake bibiyar labarinsa.

Tambayarka ta farko tana ɗauka cewa mai dafawa daban, mai sayarwa daban, daga baya ɗaya ya saye ɗaya. Asalin abin ba haka ya faro ba. Shekaru ɗari shida ko bakwai da suka wuce, a ƙauyukan Ingila matan gida ne ke dafa giya a madafinsu, don iyali. Wadda tata ta yi yawa sai ta kafa sanda a ƙofa alamar akwai na sayarwa, maƙwabta su shigo su zauna a ɗakinta. Sunan da suke kiran mashaya da shi har yau, wato pub, guntule ne na kalmomi biyu masu nufin gidan jama'a, domin da gaske gidan wani ne da ya buɗe wa kowa. Tukunyar da teburin duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. A 1552 aka yi dokar da ta ce sai da lasisin alƙalai za a buɗe irin wannan gida, kuma da gwamnati ta yi ƙidaya a 1577 ta sami sama da 14,000. A Landan ne aka fara raba sana'ar biyu, inda manyan masana'antu irin ta Samuel Whitbread, wanda ya fara a 1742, suka riƙa dafawa da yawa suna rarraba wa masu sayarwa. A karkara kuwa mai mashaya ya ci gaba da dafa tasa a bayan gida har cikin ƙarni na 19. Babban abin da yake saya a waje shi ne tsiro.

Ka riƙe wannan kalma, don da ita labarin Hook Norton ya fara. Tsiro sha'ir ne da aka jiƙa, aka baza a daɓe har ya fara fitar da saiwa, sannan aka busar da shi da zafin wuta kafin ya zama shuka. Wannan ɗan tsirowar ce ke shirya garin da ke cikin ƙwayar ya koma sukari idan ya haɗu da ruwan zafi. Sana'a ce mai son fili da haƙuri, mai mashaya ba ya da wurinta. A 1849 wani manomi mai suna John Harris ya sayi gona mai eka 52 a unguwar Scotland End ta wannan ƙauye, a cikinta akwai ɗakin tsiro. Da sayar da tsiro ga masu dafawa ya fara. Mutumin da ke ganin hatsinsa na fita a buhu, wasu na juya shi su ci ribar da ta fi tasa, ba zai daɗe yana kallo ba. Littafin lissafin dahuwarsa na farko da ya rage na 1856 ne.

Zamanin ma ya taimake shi. A 1830 majalisar dokoki ta yi wata doka mai ban mamaki: duk magidancin da ya biya fam 2 da sule 2 a shekara zai iya sayar da giyar sha'ir a gidansa, babu ruwansa da alƙali. Manufar ita ce a janye talakawa daga barasa mai ƙarfi irin su jin, a kuma karya babakeren manyan masu dafawa. Kafin shekarar ta ƙare an buɗe sababbin gidaje sama da 24,000. Galibin waɗannan sababbin shiga ba su iya dahuwa mai kyau ba, dole su nemi wanda zai riƙa kawo musu a ganga. Kasuwar mutane irin su Harris ke nan.

Sai a 1869 majalisa ta ga abin ya wuce gona da iri, ta mayar da ikon ba da lasisi hannun alƙalai, su kuma suka matse. Daga nan gidan da ke da lasisi ya zama abin so, tunda samun sabo ya yi wuya. Ka sa kanka a matsayin mai masana'anta. Ka kashe kuɗi a tukwane, ka ɗauki ma'aikata, amma mashayu goma ne kacal a iyakar inda keken dokinka ke kaiwa. Idan abokin hamayya ya saye shida daga cikinsu, ina za ka kai kayanka? Saboda haka kowa ya shiga sayen mashayu, ko ya ba mai mashaya bashi bisa sharaɗin kada ya sayar da ta kowa sai tasa. Abin ya ƙara zafi bayan 1886, shekarar da Guinness ya sayar da hannun jarinsa ga jama'a kan fam miliyan 6, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu, suka zuba kuɗin da suka tara a sayen gidaje. Kafin a shiga 1900 mafi yawan mashayun Ingila a ɗaure suke da wata masana'anta. Su kansu Turawan ɗaurarren gida suke kiransa.

Mashayar da ka gani a bakin layin, Pear Tree, a wannan shekara ta 1869 ta shiga hannun Harris. Irinta, wadda ta fi kowace kusa da tukunya, suna mata laƙabi da famfon masana'anta. Tsarin ɗaurin cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Kamfani ke da ginin, shi ke gyaran rufi da bango. Mai riƙon mashaya ɗan haya ne, galibi yana zaune da iyalinsa a saman bene, hayarsa da sauƙi, amma dole ya sayi giya daga mai gidan a farashin da aka yanka masa, ko da akwai mai araha a waje. Wanda ba shi da jari ya sami sana'a da wurin kwana, mai tukunya ya sami tabbacin kasuwa.

Akwai wani dalilin kusancin da ba na doka ba ne, na kayan ne kansa. Giyar gargajiyar Ingila ba a tace ta, ba a kashe yis ɗin da ke cikinta. A ganga take ƙarasa nuna, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashaya, cikin sanyin da bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba. Idan aka buɗe ganga, kwana uku ko makamancin haka take da shi kafin ta yi tsami. Ƙaramar gangar da aka fi amfani da ita galan 9 ce, kofi 72 na awonsu. Wato rabin aikin a hannun mai mashaya yake. Idan ya yi sakaci da tsabtar bututu ko ya bar ɗakin ya yi zafi, sunan masana'anta ne zai ɓaci a bakin mutane. Shi ya sa mai dafawa ke son wanda zai iya takawa da ƙafa ya je ya duba.

Yanzu ga ginin, tunda shi ne karatunka. Harris ya rasu a 1887, ragamar ta koma hannun ɗansa da ɗan 'yar'uwarsa Alban Clarke. A wannan shekarar ce jirgin ƙasa mai haɗa Banbury da Cheltenham ya fara ratsa ƙauyen, bayan leburori sun yi shekaru suna haƙa rami da gina dogayen gadoji, kuma haƙar dutsen ƙarfe ta biyo baya. Ma'aikata suka yawaita, ciniki ya buɗe. Clarke ya kira William Bradford, wanda ya yi suna wajen zana masana'antun giya a zamanin Sarauniya Victoria, ya zana masa wannan hasumiya da aka kammala wajen 1899. A 1900 aka yi wa sana'ar rajista a matsayin kamfani.

Me ya sa tsawo maimakon faɗi, alhali ƙauye ne, fili ba ya wahala? Saboda ruwa ba ya hawa tudu da kansa, amma gangarowa kyauta yake yi. Dabarar ita ce a sha wahala sau ɗaya, a kai ruwan rijiya da buhunan tsiro can sama, daga nan kowane mataki na aikin ya zama yana ƙasa da wanda ya gabace shi. A sama ake barza tsiro. Ya zubo cikin wata babbar kwatarniya inda ake kwaɓa shi da ruwan zafi kimanin digiri 65, a bar shi ya saki zaƙinsa. A tsiyaye ruwan zaƙin zuwa tukunyar tagulla, a tafasa shi da wani fure mai ɗaci da ake kira hof, wanda ke ba da ɗanɗano yana kuma hana saurin lalacewa. A nan ne ake sake tura ruwan sama sau ɗaya, zuwa wani faffaɗan faranti na tagulla da ke ƙarƙashin rufi don ya huce. Tagogin katakon nan masu tsaga-tsaga da ka gani ba ado ba ne, hanyar fitar tururi da shigar iska ce. Daga nan ya gangaro a zuba masa yis, ya yi kusan mako yana tashi, sannan a ɗura a ganguna a hawa na ƙasa, daidai inda keken doki ke jira. Idan ka zana ginin a tsage daga sama zuwa ƙasa, za ka ga tsarin dahuwar ne aka yi wa bango da rufi.

Abin da ke yin wahalar ɗagawar shi ne injin tururi mai ƙarfin doki 25, aikin kamfanin Buxton da Thornley na garin Burton, wanda aka girka a 1899. Na daɗe a tsaye gabansa. Babbar ƙafarsa tana juya wani dogon ƙarfe, daga nan bel-bel suna hawa daga bene zuwa bene, suna tuƙa famfo da injin barza da ƙugiyar jan buhu. Ya yi sama da shekara 100 yana aikin yau da kullum, yanzu lantarki ya karɓi nauyin, ana tayar da shi lokaci-lokaci. Ka roƙa a nuna maka yadda aka huda benayen don bel ɗin ya wuce, a nan za ka ga cewa mai zanen da mai injin tare suka yi tunani.

To, yaya aka yi ya rayu? A 1900 masana'antun giya a Birtaniya sun haura 6,000. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ba su kai 200 ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara karya su: gwamnati ta ƙara haraji, ta rage ƙarfin giyar, ta taƙaita buɗe mashaya zuwa awa biyar da rabi a rana don kada ma'aikatan makamai su yi sakaci, har a Carlisle ta ƙwace masana'antu da mashayu ta riƙe da kanta daga 1916. Rufewar tsakar rana da aka ƙirƙiro a lokacin sai a 1988 aka cire ta a Ingila, ban da ranar Lahadi. Amma abin da ya fi cinye ƙananan shi ne wannan ɗaurin da na yi maka bayani. Babban kamfani ba tukunyar ƙaramin yake so ba, mashayunsa yake so. Sai ya saye shi, ya rufe masana'antar, ya riƙa aiko da tasa giyar a manyan motoci, tatacciya, dafaffiya, cikin gangar ƙarfe mai iskar gas, wadda za ta yi watanni ba ta lalace ba kuma ba ta bukatar gwanintar kowa. Haka aka yi ta yi har ya zama kamfanoni shida ne ke dafa kashi uku cikin huɗu na giyar ƙasar.

A ganina abin da ya tsare Hook Norton shi ne hannun jarin bai bar gida ba. Kamfanin da jarinsa ke kasuwa, duk wanda ya zo da farashi mai tsoka zai saye shi, masu jarin da ba su taɓa ganin ƙauyen ba su karɓi kuɗinsu su tafi. Wanda kuwa 'yan'uwa ke riƙe da shi, sai sun yarda su sayar da gidan kakansu, su kuma haɗa ido da ma'aikatan a hanya gobe da safe. Har yanzu zuriyar Clarke ce ke tafiyar da shi. Ƙanƙantarsa ma ta yi masa rana, don mashayunsa na ƙauyuka ne, ba irin na manyan titunan birni da ke tsone wa manya ido ba. Haƙar ƙarfe ta mutu, jirgin fasinja ya daina tsayawa a 1951, ƙauyen ya koma shiru, kamfanin ya ci gaba da tsofaffin kayansa tunda suna aiki. Sai ga shi a 1971 wasu samari huɗu sun kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar ganga ta gargajiya daga ta gas, ƙungiyar ta bunƙasa, mutane suka shiga neman 'yan wuraren da ba su canza ba. Tsufan da ake gani kamar koma-baya shi ya zama abin tallarsu. A 1977, shekarar bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan mulki, suka fitar da Old Hooky, wadda ta zama sananniyar hajarsu. Yau suna riƙe da mashayu sama da 30, mafi yawansu a kewayen nan.

Ka ga igiyar ɗaurin nan ɗaya ce. A hannun kamfanin da ke nesa ta zama abin shaƙe ɗan haya da ƙaramin mai dafawa. A hannun wanda ke zaune a ƙarshen layi ta zama abin da ya riƙe su duka biyun. Idan da ni ne mai rubuta rahoton, a kan wannan zan gina shi.

Maganar alfaharin mutanen ƙauyen kuwa ba wuya a gane ta. Ƙauye ne na mutum kimanin 2,000, kuma da wuya ka sami tsohon gida da ba wanda ya taɓa aiki a wurin. Ita mashayar ƙauye a Ingila, kafin a gina zaurukan taro, a cikinta ake gwanjon gona, a cikinta ƙungiyoyin taimakon juna ke karɓar kuɗin mako na jinya da jana'iza, har binciken mutuwar da ba a gane dalilinta ba a can alƙali ke zama ya yi. A Oxfordshire, yankin da ƙauyen yake, akwai wani wasa nasu, Aunt Sally, inda ake jifan wani guntun katako da sanduna shida, ƙauye da ƙauye suna gasa a bayan mashayu. Na zauna a Pear Tree da kofin lemo a gabana kusan awa guda, abin da na fi lura da shi shi ne duk wanda ya turo ƙofa sai an kira sunansa.

Sai dai kada wannan ya sa rahotonka ya zama waƙar yabo. Su kansu Turawan ba su taɓa haɗa baki a kan giya ba. A 1832 mutum bakwai a garin Preston, ƙarƙashin jagorancin Joseph Livesey, suka sa hannu a alkawarin barin ta gaba ɗaya, kuma tafiyar ta tara miliyoyi, galibi ma'aikata da matan da suka ga albashin mako yana ƙarewa a kan teburin mashaya kafin ya iso gida. Ciwon bai warke ba. A 2022 mutum sama da 10,000 ne suka mutu a Birtaniya da cututtukan da barasa ce kaɗai sanadinsu. Mai zanen gini ya kamata ya san abin da ginin ya yi wa mutane, daɗinsa da ɗacinsa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham, shekarata tara a nan. A hanyata ta zuwa aiki kaɗai mashayu huɗu sun rufe, ɗaya ta zama gidajen haya, ɗaya kanti, ɗaya ma masallaci. Shin Turawa sun fara barin shan giya ne?
Daga 'yar'uwarka a Birmingham.

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya saka da alheri a kan hidimar marasa lafiya. Idonki bai yi ƙarya ba. A shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun haura 60,000, yanzu ba su kai 50,000 ba. Gaskiya ne matasa sun rage sha idan aka kwatanta da iyayensu, kuma unguwannin da mazaunansu suka canza ba su da masu cika mashaya. Amma ke da kike aiki a asibiti kin fi ni sanin cewa shan bai tafi ko'ina ba. Gida ya koma. Manyan kantuna suna sayarwa da araha ƙwarai, mutum ya saya ya kulle ƙofarsa ya sha shi kaɗai, babu mai ce masa ya isa.

Akwai kuma hannun gwamnati a ciki. A 1989, bayan binciken hukumar hana babakere, aka umarci duk masana'antar da ke da mashayu sama da 2,000 ta saki rabin abin da ya haura. Niyyar mai kyau ce, amma an gudu gara an faɗa gidan zago. Dubban gidajen da aka sayar sun faɗa hannun sababbin kamfanoni da ba sa dafa komai, harkar gidaje kawai suke yi da kuɗin bashi. Dokar ba ta shafe su ba tunda ba masana'antu ba ne, saboda haka suka ci gaba da ɗaure 'yan haya, haya mai tsada, giya mai tsada. Biyu mafi girma sai da kowanne ya tara sama da 8,000. Mai tukunya yana bukatar mashaya ta zauna a buɗe don kayansa su fita. Mai harkar gidaje kuwa, idan filin ya fi tsada a matsayin gidajen haya, sayarwa zai yi. Sai a 2016 aka kafa ƙa'idar da ta ba 'yan hayar manyan kamfanoni, masu gidaje 500 zuwa sama, damar neman a kwance musu ɗaurin. Kafin nan an hana shan taba a cikin gini a 2007, tattalin arziki ya karye a 2008. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, annobar korona ta rufe kowa a Maris 2020, tsadar wuta da gas ta biyo baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wasu ƙauyuka suka ƙi zuba ido. A Hesket Newmarket da ke Cumbria, can arewa, an kafa 'yar masana'anta a 1988 a wani rumbu da ke bayan mashayar Old Crown. Da masu ita suka tashi yin ritaya, mutanen ƙauyen da abokansu suka haɗa kuɗi suka saye ta a 1999. A 2003 mashayar ma ta shiga kasuwa, mutum 125 suka sake haɗa hannu suka saye ta, don kada wani babban kamfani ya raba ta da tukunyar da ke bayanta. Tun 2011 doka ta ba al'umma damar yi wa irin wannan gini rajista a matsayin abin amfanin jama'a, idan za a sayar a ba su wata shida su nemo kuɗi. Ƙananan masana'antu kuwa sun yi ta tsirowa bayan 2002, lokacin da ministan kuɗi Gordon Brown ya rage musu rabin haraji, har suka kai kusan 2,000, ko da yake da yawa sun rufe a 'yan shekarun nan.

TAMBAYA: Baba, me ya sa mashayun Ingila ke da sunayen dabbobi da hotuna a ƙofa? Kuma na ga bidiyon wasu manyan dawakai suna jan ganguna, har yanzu ana yi ko wasan kwaikwayo ne?
Daga jikanka, ɗan sakandare.

AMSA: Jikana, Allah ya yi albarka. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya ba da umarnin duk mai sayar da giya ya rataye alama a ƙofarsa, don jami'in da ke duba inganci ya gane gidan. Mafi yawan mutane ba su iya karatu ba a lokacin, sai aka riƙa zana hoto, jan zaki ko farin barewa ko kambun sarauta, hoton ya zama sunan gidan. Farin barewar tambarin shi Richard ɗin ne. Jan Zaki, Red Lion, shi ne sunan da ya fi yawa a ƙasar har yau.

Dawakan kuwa da gaske ne, irin da ake kira Shire, waɗanda ingarma ɗaya kan kai nauyin tan guda. Mota ta kore su daga aikin wajen 1950, amma 'yan masana'antu kaɗan sun dawo da su. Hook Norton da muka yi magana a sama ta dawo da nata a 1985, suna kai ganguna mashayun cikin ƙauyen, har da Pear Tree da ke bakin layi. A watan Mayun 2024 gobara ta ci bargarsu, dawakan duk sun tsira.